Turaren tsinke na ƙasar Sin a shagunan Bauchi: ƙamshinsa, hayaƙinsa da alƙawuran da ake yi a kansa

Shagunan turare na garin Bauchi, musamman waɗanda ke kewayen kasuwar Wunti, sun daɗe da sanin kayan da ke tafiya a wurinsu, wato turaren wuta na Maiduguri a cikin kwalabe, humra fara da baƙa, kajiji, garin sandal, da turaren tsinke na Indiya wanda ake saye da ɗan abin da ya rage a jaka. A 'yan shekarun nan an samu ƙarin wani turare da ake jerawa a gefe guda, cikin dogayen kwalaye sirara masu rubutun Sinanci, wanda masu sayarwa suke kira turaren ganye na ƙasar Sin, suna kuma cewa yana kwantar da hankali, yana kawo barci, yana sauke gajiya, wasu ma har su ƙara da ciwon kai da hawan jini. Na sayi nau'i huɗu daga wani shago, na yi amfani da su a gidana tun cikin hunturu har damina ta sauka. Abin da na gani shi ne, nau'i ɗaya daga cikinsu turare ne mai kyau ƙwarai wanda ya cancanci kuɗinsa, ɗaya kuma sunan da aka ba shi ya fi ƙarfin abin da ke cikin kwalin, sauran biyun suna da wurin da suka dace da shi, amma babu ko ɗaya a cikinsu da ya kamata a sayar wa mutane da sunan magani.

Kwalaye uku na tsinke ne, wato na sandal, da na itacen ud, da na wani ganye da Sinawa suke kira ai, na huɗun kuma naɗaɗɗe ne da aka haɗa da ganyaye da kayan ƙamshi iri-iri. An haɗa mini da wani ɗan faranti na tangaran mai huda a tsakiya inda ake kafa tsinken. Tsawon kowane tsinke ya kai santimita 21, siriri ne sosai, kuma abin da mai saye zai fara lura da shi shi ne babu itacen gora a cikinsa. Turaren tsinken Indiya da muka saba da shi, ana shafa kwaɓin ne a jikin tsinken gora, sau da yawa a tsoma shi cikin man turare, saboda haka idan an kunna shi goran ma yana ci da wuta, ƙaurinsa ya gauraya da ƙamshin. Wannan kuwa daga sama har ƙasa garin itace ne da aka niƙa, aka kwaɓa da ruwa da garin ɓawon wani itace mai yauƙi domin ya kama jikinsa, aka matso shi ta ƙananan hudoji, aka shanya a inuwa. Sana'ar tsohuwa ce a can. Li Shizhen, likitan da ya rayu daga 1518 zuwa 1593, ya bayyana yadda ake haɗa irin wannan turare a cikin babban littafinsa na magunguna da aka buga a 1596, inda ya lissafa saiwoyi da ganyaye da kanumfari, ya kuma ambaci garin ɓawon itace a matsayin abin da ke riƙe kwaɓin. Rashin goran nan shi ne ya sa hayaƙin ya zama siriri, tokar kuma ta zama mai laushi, amma shi ne kuma ya sa tsinken yake karyewa da an ɗan matsa shi.

Na sandal shi ne ya fi burge ni, kuma shi kaɗai zan iya cewa kowa ya saya ba tare da wani dogon sharaɗi ba. Idan an buɗe kwalin ba a jin wani ƙamshi mai ƙarfi, sai ɗan ƙamshin busasshen itace, wanda hakan alama ce mai kyau, domin tsinken da ƙamshinsa ke bugun hanci tun kafin a kunna shi galibi man turare aka zuba masa. Bayan an kunna an hure wutar, mintunan farko akwai ɗan ƙauri kaɗan, daga nan sai ƙamshin ya daidaita, mai laushi da ɗan zaƙi, ba ya hawa kai, ba ya kuma sa yaji a ido. Tsinke ɗaya yana cin kusan rabin awa ko fiye da haka kaɗan idan babu fanka, kuma a ɗaki madaidaici ƙamshin yana nan har bayan awa biyu da mutuwar wutar. Na fi jin daɗinsa daga ɗan nesa, a ajiye shi a kusurwar ɗaki kusa da taga, domin wanda ya zauna dab da shi hayaƙi zai shaƙa, wanda ya ba shi tazara kuwa ƙamshi ne zai iso gare shi. Tsakanin Magariba da Isha'i, ko bayan yara sun kwanta mutum ya zauna zai yi karatu, ban ga turaren da ya fi shi dacewa ba, domin ba ya cika ɗaki har ya hana tunani. Sandal ɗin kansa ba itacen Sin ba ne a asali, mafi shahararsa daga kudancin Indiya yake fitowa, yanzu kuma ana nomansa da yawa a Ostareliya. Gwanintar Sinawa tana wajen niƙa da kwaɓi da sanin gwargwadon abin da za a zuba, kuma a wannan kwali gwanintar ta fito.

Na ud shi ne ya fi tsada, kusan ninki uku na kuɗin sandal, kuma a kansa ne nake da ƙorafi mafi girma. Duk wanda ya san ud ya san dalilin tsadarsa. Itacen da ke ba da shi ba shi da ƙamshi idan yana da lafiya, sai ya ji rauni wata cuta mai kama da funfuna ta shige shi, sannan ya fara tara wani baƙin ƙaro a cikin jikinsa domin kare kansa, abin da ke ɗaukar shekaru, kuma ba kowane itace ne ke yin hakan ba. Wanda ƙaron ya cika shi sosai nutsewa yake yi a ruwa, shi ne kuma mafi daraja a wurin Sinawa da Larabawa baki ɗaya. Saboda yawan saransa a dazuzzuka, an sanya nau'in farko na itacen cikin yarjejeniyar CITES mai sa ido kan cinikin tsirrai da dabbobin da ke fuskantar ƙarewa a 1995, aka kuma faɗaɗa ta zuwa sauran danginsa a 2004. Mafi yawan abin da ke kasuwa yanzu daga gonaki yake fitowa, a tsibirin Hainan da lardin Guangdong da ƙasashen kudu maso gabashin Asiya, inda ake huda itacen da gangan domin ya yi ƙaro da wuri. Ko wannan na gona ba abu ne mai araha ba.

Tsinken da na saya baƙi ne sosai, baƙin da ya fi kama da rini, yana kuma barin ɗan maiƙo a takardar da aka naɗe shi. Ƙamshinsa yana tashi tun daga cikin kwali, mai zaƙi da kaifi, kuma idan an kunna shi haka yake tafiya a layi ɗaya daga farko har ƙarshe. Ud na gaske ba haka yake ba. Wanda ya taɓa ɗora gutsuren ud a kan garwashi, irin wanda alhazai ke kawowa tsaraba, ya san ƙamshinsa yana sauyawa, ya fara da ɗan ɗaci, ya koma zaƙi, ya ƙare da wani sanyi mai daɗewa a hanci. Wannan kuwa bayan mintuna kaɗan yakan bar mini maƙaƙi a maƙogwaro da nauyi a goshi, irin abin da turaren da aka cika wa sinadari ke yi. A ganina garin itace ne na gama-gari aka zuba wa man turare, ko da akwai ud a ciki to ɗan kaɗan ne. Abin da ya fi damuna shi ne mutanen da ke saye saboda sunan, suna ganin sun sami ud a farashi mai sauƙi, alhali da sun tara kuɗin kwali biyu da sun sayi ɗan gutsuren ud na gaske wanda zai fi wannan amfani nesa ba kusa ba.

Na ganyen ai shi ne ya fi cancantar sunan turaren ganye, domin ƙamshinsa na ɗanyen magani ne, mai ɗaci da kaifi. Ganyen ɗan'uwan tazargade ne, dangi ɗaya suke a cikin tsirrai, kuma duk wanda ya san warin tazargade zai gane shi da shaƙar farko. Yana da babban matsayi a maganin gargajiyar Sin. Da shi ake yin wani gashi, inda ake naɗe busasshen ganyen a kunna a kusantar da shi ga wasu wurare a jikin mara lafiya domin ɗumi ya shiga, kuma a ranar biyar ga wata na biyar na kalandarsu ta gargajiya, lokacin bikin tseren kwale-kwale, ana rataye shi a ƙofofin gidaje domin korar ƙwari da cututtukan lokacin zafi. Hayaƙin wannan tsinke ya fi na sandal yawa, yana kuma kama labule. A ɗakin kwana ban ji daɗinsa ba ko kaɗan, kuma ban ga yadda zai sa mutum barci ba. Inda ya yi mini amfani shi ne tsakar gida da baranda da yamma a farkon damina, domin yana rage sauro a kewayen inda aka kafa shi, yana kuma kashe warin danshi a ɗakin ajiya. Amma kada wani ya ajiye gidan sauro saboda shi, musamman inda akwai yara da masu juna biyu, domin da hayaƙin ya ɗauke sauro zai dawo.

Naɗaɗɗen kuwa siffarsa ɗaya da maganin sauro na kunnawa, har baƙin da suka zo gidana sukan ɗauka shi ne. Ana jin kanumfari da kirfa a cikinsa da wani ƙamshin saiwa, yana kuma ci na tsawon awanni, abin da ya yi wa ɗaki yawa. Na koma karya shi gutsure-gutsure ina kunna kaɗan a falo kafin baƙi su iso, kuma a haka ya yi daidai.

Akwai masu ganin wannan turare baƙon abu ne ƙwarai a gare mu, amma wanda ya duba kayan haɗinsa zai ga da yawa daga cikinsu yana da su a gidansa. Ƙaron da Sinawa ke zubawa a turarensu da magungunansu, wanda tun da daɗewa suke sayowa daga Oman da Yaman da Somaliya, ɗan'uwan hano ne, itacen nan da ke tsirowa a kan duwatsun ƙasarmu. Suna amfani da saiwar wata ciyawa 'yar'uwar kajiji. Har farcen nan da matan Barno ke wankewa su soya su daka a cikin turaren wuta, wanda murfin bakin wani dodon koɗi ne na teku, yana cikin tsofaffin haɗe-haɗen Sinawa, kuma aikin da yake yi musu shi ne wanda yake yi mana, wato riƙe ƙamshi ya daɗe. Hanyar ciniki ɗaya ce ta rarraba waɗannan kaya gabas da yamma. A 1974 an tono wani jirgin ruwa na ƙarshen ƙarni na 13 a gaɓar birnin Quanzhou da ke lardin Fujian, aka sami itacen ƙamshi kimanin kilo 2,400 a cikinsa, tare da barkono da ƙaro. Wannan birni shi ne Larabawa ke kira Zaitun, wanda matafiyin nan ɗan Maroko, Ibn Battuta, ya ziyarta ya yaba girman tashar jiragensa, shi ɗin dai da daga baya ya ratsa Sahara ya zo ƙasar Mali. A ƙarni na 13 wani attajiri Musulmi mai suna Pu Shougeng ne ke kula da cinikin teku a birnin, kuma zuriyarsa da suka koma gundumar Yongchun su ake danganta wa kafa sana'ar turaren tsinke a can a ƙarni na 17. Har yau Yongchun tana cikin manyan wuraren da ake yin turare a ƙasar Sin.

Na kawo wannan tarihi ne saboda tambayar da mata da yawa suka yi mini, ko ya halatta a kunna turaren da aka ce ana ƙona irinsa a wuraren bautar Sinawa. Tambaya ce mai kyau, kuma hukuncinta na malamai ne, amma akwai abubuwan da mai tambaya ya kamata ya riƙe kafin ya je. Turara ud sananne ne a Sunna, domin ya zo a cikin Sahihu Muslim cewa Abdullahi ɗan Umar yana turara ud tare da kafur, yana cewa haka Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yake yi. Musulmin Sin su ma suna kunna turare a gidajensu, kuma a zamanin sarki Zhengde, wanda ya yi mulki daga 1506 zuwa 1521, an ƙera kaskunan turare masu rubutun Larabci a jikinsu. Sannan turaren da ake yi musamman domin wuraren bauta yawanci daban yake, mai tsinken gora ne da aka rina ja ko rawaya, ana sayar da shi dami-dami, sau da yawa da hotunan abin bautarsu a jikin takardar. Na ga irinsa a wani shago an jera shi tare da wannan kamar abu ɗaya ne. Ni dai ban saye shi ba, kuma ko an ajiye maganar hotunan a gefe, shi ne mafi arha kuma mafi hayaƙi.

Maganar kwanciyar hankali ita ce jarin masu sayarwa, don haka ta cancanci a tsaya a kanta. Ba zan musa ba, idan na kunna na sandal na zauna nakan ji jikina ya saki. Amma na lura da yadda abin ke faruwa. Kafin in kunna sai na share ɗakin, na buɗe taga, na ajiye waya, na zauna wuri ɗaya har tsinken ya cinye, kuma mace mai aiki da yara ba kasafai take samun rabin awa irin wannan ba. Ƙamshi mai daɗi yana taimakawa, zaman ma yana taimakawa, kuma babu yadda za a yi mutum ya raba rabon kowannensu. Sinawan da suka ɗaukaka turare ma haka suka ɗauke shi. A zamanin daular Song, daga 960 zuwa 1279, masu ilimi suna lissafa kunna turare tare da haɗa shayi da rataye zane da jera furanni a matsayin ayyukan nutsuwa, har suna auna lokacin karatu da tsawon cin turare. Abin lura kuma shi ne, ƙwararrunsu ba sa son hayaƙi. Sukan binne garwashi a cikin toka, su ɗora wani siririn faranti a kai, sannan su aza gutsuren itacen, ɗumi ya fitar da ƙamshin ba tare da itacen ya ƙone ba.

Ta fuskar binciken kimiyya, abin da ake yawan kafa hujja da shi wani aiki ne da aka wallafa a 2008, inda aka ciro wani sinadari daga ƙaron dangin hano aka ba ɓeraye, aka ga alamun firgici sun ragu a jikinsu. Ɓeraye ne, kuma allura aka yi musu, ba hayaƙi suka shaƙa ba, saboda haka tsakanin wannan sakamako da cewa tsinken turare yana maganin damuwa ko hawan jini akwai tafiya mai nisa. Abin da aka fi tabbatarwa shi ne illar hayaƙin. Duk abin da ke ƙonewa a hankali yana fitar da ƙananan ɓurɓushi da ido ba ya gani waɗanda ke shiga can cikin huhu, tare da iskar gas mai guba da wasu sinadarai masu cutarwa, kuma kasancewar abin ganye ne ko itace bai hana hakan ba. A Singafo an bi lafiyar Sinawa fiye da 60,000 na tsawon shekaru, aka wallafa a 2008 cewa waɗanda suka daɗe suna kunna turare kullum a gidajensu sun fi fuskantar haɗarin sankarar sashen sama na hanyar numfashi. Mutanen nan shekaru da yawa suka yi suna shaƙa dare da rana, don haka ba daidai ba ne a tsorata wanda ke kunna tsinke ɗaya jefi-jefi da taga a buɗe. Sai dai gargaɗin ya shafe mu, ya kuma shafi turaren wutarmu, domin mu ma muna da al'adar rufe ƙofa da taga a cika ɗaki da hayaƙi wai don ya kama.

A gidana na ga wannan da idona. Surukata tana da asma, kuma a lokacin hazo, da ƙura ta riga ta cika iska, ko na sandal ɗin da nake yabo idan ta shigo ɗakin da aka kunna shi sai tari ya taso mata. Tun daga nan ba a kunna kowane irin turare a ɓangarenta. Ɗakin jariri ma haka ya kamata ya kasance, da ɗakin duk mai ciwon ƙirji ko na zuciya. Ina jin zafin yadda ake gaya wa dattawa masu hawan jini cewa wannan turare zai sauke musu shi, domin akwai wanda zai ji haka ya yi sakaci da ƙwayoyin da likita ya rubuta masa. Maganin gargajiya da ake sayarwa a Najeriya da iƙirarin warkarwa ya kamata ya bi ta hannun hukumar NAFDAC ya sami lamba, kuma babu lambar hukumar a jikin ko ɗaya daga kwalayen nan huɗu. Wanda barci ya ƙaurace masa makonni, ko damuwa ta hana shi cin abinci da aiki, asibiti ya kamata ya nufa.

Masu tunanin zai maye musu gurbin turaren wuta su ma su rage buri. Ba ya kama tufafi, ba ya zama a jikin kujera da labule har kwana biyu kamar yadda haɗin Maiduguri mai kyau yake yi, kuma a babban falo mai fanka ɓacewa yake yi kafin ya kai ƙofa. Gidan amarya ko gidan suna ba wurinsa ba ne. An yi shi ne domin ƙaramin ɗaki da mutum ɗaya ko biyu. Inda ya fi turaren wuta shi ne sauƙi, domin ba ya buƙatar a hura gawayi, ba ya jiran a kawo wuta kamar kaskon lantarki, ashana ɗaya ta isa, kuma hayaƙinsa bai kai rabin na kasko ba. Ɗalibi a ɗakinsa, ko ma'aikaci a ofishin da iska ke shiga, ko magidancin da ba ya son ya tashi iyalinsa da dare domin garwashi, su ne za su fi cin moriyarsa.

Game da shagon, Hajiyar da ke da shi ta karɓe ni da mutunci, ta kuma yi abin da ba kowane mai shago ke yi ba, wato ta yarda aka kunna tsinke ɗaya daga buɗaɗɗen kwali na ji kafin in biya. Da na tambaye ta abin da aka rubuta a jikin kwalin, ta ce, "Wallahi Malama, yadda aka kawo mini haka nake sayarwa, wanda ya yi mini odarsa daga Guangzhou shi ya ce na barci ne." Na ji daɗin gaskiyar da ta faɗa, amma a nan matsalar take. Babu bayani ko layi ɗaya da Hausa ko Turanci ko Larabci, babu jerin kayan haɗi da mai saye zai iya karantawa, sai abin da wayata ta iya fassara mini daga hoton rubutun, kuma abin da ta fassara sunan turaren ne da kalaman yabo. Mai sayarwa ba ta san abin da ke ciki ba, mai saye bai sani ba, amma ana ta alƙawarin lafiya a tsakani. Na ce mata, "Hajiya, da za ki riƙa cewa turaren ƙamshi ne kawai, da ya fi miki, domin ƙamshin na sandal ɗin nan ya isa ya sayar da kansa." Ta ce za ta duba. Wani abin kuma, a kwalin ganyen ai na tarar da tsinke da yawa a karye, ga alama tun a hanya, kuma da na koma ta canza mini ba tare da gardama ba. Mai saye ya buɗe kwali a gaban mai shago kafin ya tafi.

Farashin ya fi na turaren tsinken Indiya sosai, kuma yana hawa da sauka tare da dala, don haka ya bambanta daga shago zuwa shago. Idan aka raba kuɗin kwalin sandal a kan yawan tsinken da ke ciki, wanda ke kunnawa jefi-jefi zai yi watanni bai sake saye ba, kuma ana iya karya tsinke gida biyu a kunna rabi idan ɗakin ƙarami ne. Wajen zaɓe, a duba tsinken da launinsa na itace ne, ba ja ko kore ko baƙi ƙirin ba, wanda ba ya barin maiƙo a yatsa, wanda kuma ƙamshinsa bai cika tashi ba kafin a kunna. Farantin da ake bayarwa tare da shi ya yi ƙanƙanta, tokar tana zuba a wajensa, saboda haka na koma kafa tsinken a cikin kasko da na cika da yashi, nesa da labule da katifa da hannun yara, kuma ba na barin sa yana ci idan zan fita ko zan kwanta. Da damina ta kankama na lura tsinken yana jan danshi, yana mutuwa a tsakiya, ƙamshinsa kuma yana yin tsami, sai na mayar da shi cikin gwangwani mai murfi na ajiye a sif, daban da humra da sauran turaruka, domin garin itace yana shan duk ƙamshin da ke kusa da shi. Na sandal zan sake saye idan ya ƙare, na ganyen ai kuma kwali ɗaya ya isa damina guda, amma na ud na gaya wa Hajiya ba zan ƙara ɗauka ba sai ta samo wanda aka rubuta kayan haɗinsa da harshen da za mu iya karantawa.